Ɗigo Biyu, Tambaya Dubu: Jita-jitar Rigakafi da Darasin Kano

A shekarar 2003 duniya ta kusa ganin bayan cutar shan inna. Lokacin da aka ɗaura ɗamarar yaƙi da ita a 1988, ƙiyasi ya nuna tana shanye ƙafafun yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125, amma cikin shekara goma sha biyar ƙasashen da take da gindin zama a cikinsu suka koma shida kacal, Nijeriya da Nijar na ciki. Ana cikin wannan murna sai magana ta ɓulla a Arewa cewa an gauraya ɗigon da ake bai wa yara da sinadarin hana haihuwa, wasu ma suka ƙara da cewa akwai ƙwayar cutar ƙanjamau a ciki. Ba 'yan zaman kashe wando ne suka tallata maganar ba. Dakta Datti Ahmed, likita ne da ya daɗe yana aiki, kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'ar Musulunci a Nijeriya a lokacin, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin, kuma Kano, ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Shekarau, ba ta koma ba sai a Yulin 2004. Sakamakon wannan ɗan tsakani cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman, ta kai har Indunusiya. A gida kuwa, yaran da ta nakasa a 2006 kaɗai sun haura dubu.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce jahilci ne ya jawo wannan, a yi tsaki a wuce. Kalmar da ma'aikatan lafiya da 'yan jarida suka fi so, wato "wayar da kai", ita kanta tana ɗauke da wannan zato: akwai kai mai duhu, akwai mai fitila, aikin kawai a haska. Ra'ayin wannan rubutu ya saɓa da haka. Uwar da ta ɓoye ɗanta a bayan tulu da ta ji sallamar masu ɗigo ba ƙin ɗan take yi ba, kare shi take yi da iyakar abin da ta sani da kuma wanda ta yarda da shi. Jita-jita ba ta samun masauki a zuciyar mutum don kansa fanko ne. Tana samu ne don akwai tambayar da ya daɗe yana yi ba a amsa masa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka ilmantarwar da ke aiki ita ce wadda ta fara da gano inda bangon ya tsage, ta faɗi gaskiya har da ɓangarenta mai ɗaci, kuma ta fito daga bakin wanda mai sauraro zai iya zuwa gidansa gobe ya tuhume shi idan abu ya ɓaci.

Tsagewar bangon Kano tana da tarihi. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin magunguna na Amurka, Pfizer, ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba. Sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar ba maganinsa ba, kuma ya nemi yardar iyaye da baki; iyaye da dama suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Shari'a ta ɗauki shekaru, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Gaskiya ne Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba rigakafi ba ne, amma wa zai tsaya yi wa mahaifin da ya binne ɗansa wannan bambanci? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ɗora a kan haka manufar yawan jama'a ta 1988, zamanin Janar Babangida, wadda ta ba da shawarar kada mace ta wuce haihuwa huɗu, sannan a tuna cewa a Maris ɗin 2003 ne Amurka ta mamaye Iraƙi bayan ta shiga Afganistan. Mutumin da ke sauraron rediyo kullum da safe yana jin ana ruwan bama-bamai a kan Musulmi, da hantsi kuma a ƙwanƙwasa masa ƙofa da kyautar magani daga ƙasashen nan, ba sai ya zama wawa ba kafin ya yi shakka.

Akwai wata tambaya da ta fi duk waɗannan nauyi, domin ba ta buƙatar rediyo ko siyasar duniya. Magidanci zai ce: zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara kowace damina, ƙyanda na ɗauke su kowace bazara, in na kai ɗana asibiti sai na sayi kati, na sayi magani, wani lokaci har safar hannun da za a duba shi da ita. To me ya sa wannan ɗigo kaɗai ake biyo ni da shi har ɗaka, kyauta, sau biyar sau shida a shekara, don cutar da ban taɓa ganin ta kashe kowa a unguwarmu ba? Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma tana da amsa. Shan inna na cikin cututtuka ƙalilan da za a iya shafe su daga doron ƙasa baki ɗaya, kamar yadda aka shafe agana aka sanar a 1980, domin ƙwayarta ba ta da mafaka sai jikin ɗan Adam. Cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai ke shanyewa, sauran suna yawo da ita lafiya lau suna zubar da ita a bayan gida, shi ya sa ba a ganin ta da ido alhali tana gari. Maimaita ɗigon kuwa dalilinsa shi ne a wuraren da gudawa ta yi yawa, ɗigo ɗaya ko biyu ba ya kama hanjin yaro yadda ya kamata. Amsa ce gamsasshiya. Sai dai shekaru aka yi ba a ba da ita, domin yarinyar da aka ɗauka aikin kwana huɗu aka rataya mata akwatin ƙanƙara ita ma ba a gaya mata ba. Abin da aka koya mata shi ne ta ɗiga, ta shafa tawada a ɗan yatsa, ta yi rubutu da alli a jikin ƙyaure.

Hatta sunan cutar yana da abin faɗa. A tsohuwar fahimtar Bahaushe, Inna iska ce, ita ke shan ƙafar yaro ta bar ta a shanye, don haka maganinta na wajen masu bori ko malamai ne, ba na asibiti ba. Wanda ya zo yana ihun "ƙwayar cuta" ba tare da ya san abin da ke cikin sunan da yake furtawa ba, magana yake da iska.

Abin da ya sauya lamarin ba yawan allunan talla ba ne. An aika samfurin maganin ɗakunan gwaje-gwaje a ciki da wajen ƙasa, an haɗa da malamai da wakilan jihohi a cikin tawagogin da suka je, sannan Kano ta amince ta koma da maganin da aka sarrafa a Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Masana za su ce maganin Indunusiya da na Turai duk abu ɗaya ne, kuma sun yi gaskiya, amma wannan mataki ya bai wa shugabanni hanyar sauka daga dokin naƙi ba tare da sun ji kunya ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a siyasa. Daga baya aka ɗiga wa 'yar gwamnan da kanta a bainar jama'a. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aikin ya gangaro daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, wanda ya san gidan da aka yi haihuwa jiya. Aka fara kai majigi ƙauyuka ana nuna wa mutane yadda cutar ke yaɗuwa da halin da yaran da ta kama ke shiga, a tsaya a amsa tambayoyi bayan an kashe na'ura. Waɗanda cutar ta nakasa suka shiga aikin da kekunansu na guragu, kuma da wuya uba ya kalli mutumin da ke tafiya da hannuwansa ya ce masa cutar ƙirƙira ce. Mafi muhimmanci, daga wajajen 2012 aka ɗauki dubban mata 'yan sa-kai daga cikin unguwanninsu, matan da ke shiga gidan suna da gidan biki, su zauna a tabarma ɗaya da mai jego, su san wace ce mijinta ya hana, wace ce kuma surukarta ce matsalar. Da ɗan gari akan ci gari. Aka kuma amsa waccan tambaya ta magidanci a aikace, ta hanyar kafa sansanonin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa da hawan jini a ba da magani kyauta tare da ɗigon. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba: a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. Duk da haka yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Nijeriya an same shi a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Za a iya cewa wannan doguwar hanya ce mai cin kuɗi, alhali doka na nan. Me zai hana a kama uban da ya ƙi? An gwada. A 2011 gwamnatin Kano ta yi barazanar gurfanar da iyayen da suka hana a yi wa 'ya'yansu, kuma ba za a musa cewa hukuma na da haƙƙin kare yaro daga gangancin iyayensa ba, balle cutar da ke tsallakawa gidan maƙwabci. Amma tilas tana da farashi. Inda aka matsa wa iyaye da 'yan sanda, aka matsa wa ma'aikata da lissafin yawan yara, sai ɓangarorin biyu suka samo mafita: a shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da an ɗiga masa komai ba, kowa ya huta, takarda ta nuna an gama unguwa, ƙwayar cuta kuwa ba ta karanta takarda. Ban da haka, mutumin da ke zargin akwai makirci, in ya ga an zo masa da ɗan sanda, zarginsa ya tabbata ke nan a wurinsa. Tilas na iya buɗe bakin yaro sau ɗaya a ƙofar gida, amma ba za ta sa uwa ta goya jariri ta taka zuwa asibitin sha-ka-tafi a sati na shida da na goma da na sha huɗu, ta koma a wata na tara don allurar ƙyanda ba. Wannan tafiya sai da yarda.

Wasu jami'ai kuma na tsoron faɗin illolin rigakafi, suna ganin in aka ambaci zazzaɓi ko kumburi mutane za su ƙara gudu. Lissafin a juye yake. Allurar da ake yi wa jarirai a cinya takan sa zazzaɓi da kuka na kwana ɗaya ko biyu, wurin ya ɗan kumbura. Ta kafaɗa da ake yi bayan haihuwa don tarin fuka takan yi ƙurji ta bar lamba. Uwar da aka gaya wa haka tun kafin a tsira allurar, aka ce mata ga abin da za ta yi, ga kuma alamar da in ta gani ta dawo da sauri, in zazzaɓin ya zo sai ta ce ma'aikaciyar nan ta san aikinta. Wadda aka ce wa "ba ya yin komai" kuwa, daren da jikin ɗanta ya yi zafi ta gama yanke hukunci, kuma kafin azahar matan gidan duka sun ji. Akwai ma gaskiyar da ta fi wannan wuyar faɗa. Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, kuma a garin da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, wannan raunanniyar ƙwaya na iya yawo daga yaro zuwa yaro tsawon watanni har ta sake yin ƙarfi ta nakasa wani. Wannan nau'i ne ake fama da shi a Arewa har bayan 2020, shi ya sa ba a daina zagayen ba, kuma shi ya sa aka ƙirƙiro sabon ɗigo mai wuyar rikiɗa wanda Nijeriya ta fara amfani da shi a 2021. Mai yaɗa jita-jita zai ɗauki rabin wannan magana ya ce kun gani, maganin ne ke kawo cutar. Ɗaya rabin shi ne cewa hakan ba ya faruwa sai inda aka bar yara da yawa babu kariya. In hukuma ta ɓoye maganar gaba ɗaya, ta bar wa mai jita-jita rabin da ya fi so ke nan, kuma ranar da jama'a suka gano an ɓoye musu, har abin da aka faɗa musu na gaskiya zai shiga zargi.

Zargin hana haihuwa kuwa lokaci ya riga ya yanke masa hukunci, kuma wannan hujja ce da ya kamata kowane mai ilmantarwa ya riƙe, domin ba ta buƙatar ɗakin gwaji. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a 2004 da 2005, wasu sau goma ko fiye, yau matan aure ne da goyo a baya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma ya kai 6.6, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne, wato yankin da aka fi yi wa ɗigon shi ne kan gaba a haihuwa. Ta fuskar addini ma ba a rasa madafa ba. Duk maniyyaci ya san ba ya shiga Saudiyya sai da shaidar allurar sanƙarau, kuma hukumomin can sun daɗe suna buƙatar ɗigon shan inna daga alhazan Nijeriya. Malamai na yawan kawo labarin Sayyadina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, yana mai nuna cewa guje wa cuta ma cikin ƙaddarar Allah yake. Sai dai hujja irin wannan ta fi tasiri daga bakin limamin unguwa bayan sallar Magariba fiye da daga lasifikar motar ma'aikatar lafiya.

Dole a yi adalci ga masu shakka a wani wurin kuma: ba duk zargi ne ƙarya ba. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya aikin rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad na Pakistan don neman Usama bin Ladan, kuma ma'aikatan lafiya na can sun biya wannan da rayukansu. Mai ilmantarwar da aka jefa wa wannan misali, in ya musa ya faɗi. Abin da ya dace ya ce haka ne, an yi, cin amana ne, likitocin duniya sun yi tir da shi, sannan ya dawo kan maganin da ke hannunsa: ga inda aka yi shi, ga lambar hukumar NAFDAC, ga 'ya'yana an yi musu.

Ƙalubalen yau shi ne saurin da jita-jita ta samu. A 2003 sai ta bi ta majalisa da kaset da huɗuba. Yanzu saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa Zinder da Kumasi da Garwa kafin a gama karin kumallo, kuma saƙon murya bai damu da ko mai sauraro ya iya karatu ba. An ga ƙarfinsa a 2014 lokacin Ebola, da aka tashi mutane cikin dare aka ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha, wasu suka mutu, da dama aka kwantar da su a asibiti. An gani a 2017 a Kudu maso Gabas, inda labarin cewa sojoji na yi wa ɗalibai allurar cutar ƙyandar biri ya sa iyaye suka ruga makarantu suka kwashe 'ya'yansu, abin da ke nuna cewa wannan ciwo bai san ƙabila ko addini ba. Ingila ma ta sha nata: wani likita, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike a 1998 da ke danganta allurar ƙyanda da cutar galahanga, aka gano maguɗi ne, aka janye binciken a 2010 aka ƙwace lasisinsa, amma har yau ƙyanda na ɓarkewa a Turai da Amurka cikin 'ya'yan masu digiri. Bin kowace ƙarya ana ƙaryatawa aikin baban giwa ne, kuma maimaita ƙaryar don a rushe ta kan ƙara mata farin jini. Abin da ya fi shi ne a riga ta isa: tun mace na zuwa awon ciki a gaya mata cewa za ta ji an ce kaza da kaza, ga dalilin da ya sa ba haka ba ne, ga lambar da za ta kira. Unguwarzoma da wanzami da mai kemis na bakin layi, waɗanda su ake fara tambaya kafin likita, su ya kamata a fara zaunar da su.

Kada kuma a ɗora wa jita-jita laifin da ba nata ba. Yara da yawa da ba a taɓa yi musu allura ko ɗaya ba, iyayensu ba ƙi suka yi ba: asibitin na da nisa, ko an je ba a tarar da ma'aikaci ba, ko an ce maganin ya ƙare, ko firjin ya lalace, ko an daka wa uwa tsawa don ta manta kati, ko hanyar ta zama ta 'yan bindiga. Kiran irin waɗannan iyaye masu taurin kai hanya ce ta wanke hukuma. Annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta zama cibiyarta, ta tona wannan asiri. Rigakafin mashaƙo na cikin allurar cinya da ake yi a sati na shida da na goma da na sha huɗu, tsohon magani ne mai araha, amma mafi yawan yaran da cutar ta shaƙe ba su samu cikakkiyarsa ba. Shekara ashirin ana bin gida-gida da ɗigo, allurar yau da kullum ta asibiti kuwa an bar ta a baya.

A Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, cutar da ke cikin manyan masu kashe mata a ƙasar. Allura ce ta 'yan mata zalla, kyauta, mai alaƙa da mahaifa, ana yin ta a makarantu: duk kayan haɗin tsohuwar jita-jitar 2003 sun hallara wuri ɗaya, kuma ba a jima ba saƙonnin murya suka fara yawo da zancen hana haihuwa. Iyayen waɗannan 'yan mata, da yawansu sun ga abin da ya faru wancan karon da idonsu, kafin su haifi waɗanda ake magana a kansu yanzu.